Zuwa Ga Ministan Lafiya Na Afirka Ta Kudu: Fayil Na Tafiya, Mai Fayil Na Mutuwa

Mai girma Dakta Aaron Motsoaledi, barka da aiki. Maganar tsofaffin mahaƙan asbestos, ma'adinin nan mai zare-zare da ke lalata huhu, na Kuruman, Prieska da Penge ce ta kawo mu.

Kai da kanka ka ƙaddamar da shirin Ku-Riha a 2015, aka ce za a sauke bashin diyyar mahaƙa masu cutar huhu. Dokar cututtukan mahaƙa ta 1973 ma ta ba tsohon mahaƙi gwaji kyauta duk shekara 2: hoton ƙirji da busa na'urar auna numfashi. A takarda, abin gwanin sha'awa.

To, bi sawun fayil ɗin neman diyya ka gani. Daga asibiti sai ofishin MBOD, mai tantance cututtukan mahaƙa, a Johannesburg, kwamitin likitoci ya yanke: aikin huhu ya ragu da kashi 10 zuwa 40, mataki na ɗaya, ya haura 40, na biyu. Sannan kwamishinan diyya ya nemi shaidar aiki. Wace shaida kuma? Ramukan sun rufe, littattafan albashi sun watse. Matar da ta wuni da guduma tana fasa dutse, tana tsince shuɗin zare da goyo a bayanta, sau da yawa sunan mijinta kaɗai aka rubuta.

Kai likita ne, ba sai an karanta maka ba. Zaren ya fi gashi siriri, yana sauka can ƙasan huhu, jiki ba ya narkar da shi, tabo ya yi ta taruwa har huhun ya sandare. Sankarar mesothelioma kuwa takan yi shekara 20 zuwa 40 kafin ta bayyana, in ta bayyana da wuya ta bar mutum ya wuce shekara biyu. Tun 1960 Dakta Wagner ya danganta ta da shuɗin asbestos na yankin Kuruman da Prieska. Mai wannan cuta za a ce wa ya dawo da wata takarda?

Don Allah, wanda gwajin tsoka ya tabbatar yana da ita, a biya shi cikin makonni. A karɓi rantsuwar abokan aikinsa a madadin katin da ya ɓace. A umurci asibitoci su sanar da iyali, kafin a kai makwanci, cewa da yardarsu ana iya aika zuciya da huhun mamaci NIOH, cibiyar lafiyar ma'aikata ta ƙasa, don tabbatar da diyya.

Saura tulin ƙurar da ke gefen gidaje, wanda haramcin asbestos na 2008 bai share ba, da waɗanda suka shaƙe ta ba su taɓa shiga rami ba. Su dokar ma ba ta san da su ba.