Zuwa Ga 'Yata, Kan Abin Da Yayarki Ta Faɗa Mini

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara.

Yayarki ta zo jiya, muna cikin hira maganarki ta faɗo. Ba ƙararki ta kawo ba, kada ki kira ta da faɗa. Ta ce kin ce kin daina kashe kanki a asibiti, abin da ya zama dole kawai kike yi, lokaci na cika ki ɗauki jakarki. Tun da na ji ban runtsa ba.

Gajiyarki ban musa ba. Shekara 31 na yi ina aikin jinya kamar ke, na san kumburin ƙafa bayan aikin dare, na san a bar wa mutum ɗaya ɗaki cike da majinyata, dangi su zage ki kan abin da ba laifinki ba, na sama kuma ko sannu. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce ƙarancin ma'aikatan jinya a duniya ya kusa miliyan 6. Saboda haka tashi a kan lokaci haƙƙinki ne, haka ma ƙin zuwa ranar hutunki.

Tsorona ɗaya ne, ranar da za ki zauna a kan tebur ki cike katin majinyaci ba tare da kin je bakin gadonsa ba. Na ga yadda abin ke farawa, kuma da numfashi yake farawa. Na'ura za ta ba ki awon jini da bugun zuciya, shi kuwa numfashi sai kin tsaya kin ƙirga minti guda cur. Wadda zuciyarta ta fita daga aikin sai ta rubuta 18 ta wuce. Alhali numfashi na cikin abubuwan da ke fara sauyawa idan jiki zai rikice. Na babba mai lafiya 12 zuwa 20 ne a minti. Idan na wani ya kai 28 da ƙarfe biyun dare kika rubuta 18, wadda za ta karɓe ki da likitan safe duk hannunki za su gaskata. Haka tsohon da ya kamata a juya duk bayan awa 2, a sa hannu a kati wai an juya shi, sai gyambo ya tona asiri.

Ke fa kin ga katin Kawunki da idonki. Lafiya lau aka yi ta rubutawa har asuba. Kin manta kukan da kika yi a ranar, da abin da kika rantse a kai? Ashe ke ce yau za ki buɗe baki ki ce a yi dai a tashi? Kin sha cewa ni na tura ki wannan aiki. Na tura ki, don na ga yadda kika riƙe Kaka wata bakwai ba ki taɓa yamutsa fuska ba, kuma har gobe ban ga kuskurena ba.

Ki yi haƙuri idan na yi zafi. Ki nemi hutunki, ki sami shugabar ɗakinku ki faɗa mata gaskiya, ko a mayar da ke sashen da babu kwana. Idan kuma zuciyar ta ƙi sam, ki ajiye aikin, wallahi ba zan ce miki komai ba. Ki turo mini yaran su yi mako biyu ki sami barci, kuma ki kira ni idan kin sauka daga aikin daren nan.

Mahaifiyarki.