Sanarwa kan kuɗin rajistar jami'a

Assalamu alaikum iyaye, yayye da ƙanne na wannan rukuni. Muna tunatar da waɗanda ƴaƴansu suka ci jarabawar bakaloriya bana, kuma suke shirin shiga Jami'ar Abdou Moumouni a nan Yamai ko Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, cewa lokacin tanadin kuɗin rajista ya yi.

Abin da ɗan ƙasa ke biya ba ɗaya ba ne da na baƙo, saboda haka kowane ɗalibi ya nemi takardar shaidar zama ɗan ƙasa da ta haihuwa tun yanzu, kafin layi ya yi tsawo. A kuma sani cewa kuɗin rajista daban, tallafin karatu na ANAB, wato hukumar gwamnati mai kula da tallafin ɗalibai, daban. Shi tallafin neman sa ake yi da takardu, kuma a ganina kuskure ne uba ya jingina da shi wajen biyan rajista. Ɗakin kwana da abinci ma lissafinsu daban ne.

Bara wata ƴarmu ta ninke rasit ɗinta cikin jaka, ruwan damina ya shafe lambar, ta kwashe mako biyu tana zirga-zirga. Don Allah duk wanda ya biya ya ɗauki hoton rasit ɗin da waya nan take.