A Samar Wa Matasanmu Filin Tseren Mota

Ya Mai Girma Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in yi magana kan wasan mota da wasu matasa ke yi a titunan Birnin Kebbi, musamman a ranakun ɗaurin aure, saboda ina ganin kamu da tara kaɗai ba za su raba su da wannan ganganci ba.

A Amurka tseren mota sana'a ce mai matakai, kuma tarihin direban nan Bubba Wallace na NASCAR, wata babbar gasar tseren motoci ta ƙasar, ya isa shaida. An haife shi a 1993 a jihar Alabama, ya fara tsere yana ɗan shekara tara da ƙananan motoci a cikin killataccen fili. A 2013 ya yi nasara a filin Martinsville a rukunin motocin a-kori-kura, abin da ya sa ya zama baƙar fata na farko da ya ci tseren NASCAR a matakin ƙasa tun bayan Wendell Scott a 1963. Shi Scott bakanike ne da ke gyara motarsa da hannunsa, kuma ranar da ya yi nasara wani aka fara bayyanawa a matsayin gwani, har sai a 2021 aka miƙa wa iyalansa kofi, shekaru da yawa bayan rasuwarsa.

Ƙwarewa ba ta hana Wallace shan wahala ba, domin a tsakiyar 2017 aka ajiye motar da yake tuƙawa saboda rashin masu ɗaukar nauyi. Sai a 2021 ya ci tserensa na farko a babban rukuni, a filin Talladega, cikin motar ƙungiyar 23XI wadda tsohon ɗan wasan ƙwallon kwando Michael Jordan ke cikin masu ita. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne direba irinsa ba ya shiga mota sai da hular kwano da rigar da wuta ba ta saurin ci, an kewaye mazauninsa da ƙarafan kariya, 'yan kallo kuma suna bayan shinge. Mutuwar direba Dale Earnhardt a hatsarin tsere a filin Daytona a 2001 ce ta sa aka tilasta ɗaura na'urar tallafe kai da wuya. Namu yaran kuwa suna juya mota a tsakiyar jama'a, ko bel ba su ɗaura ba.

Tunda bikin kamun kifi na Argungu ya taɓa haɗawa da gangamin motoci, abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Ina kira ga gwamnatin Jihar Kebbi da ta ware fili a bayan gari, ta sa hukumar kiyaye haɗurra ta tantance masu shiga, ƙungiyar kanikawa ta duba motoci, 'yan kasuwa su ɗauki nauyin kyaututtuka, sannan duk wanda aka kama yana wasan mota a kan titi a hana shi shiga gasar, a kuma gurfanar da shi gaban kotu.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Daga Birnin Kebbi