Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Dakta Tedros, shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO): birin cikin falo fa?

Ranka ya daɗe, barka da aiki.

A Afrilun 2021 hukumarka da takwarorinta sun fito sun ce a dakatar da sayar da dabbobin daji masu rai a kasuwannin abinci, muka ce madalla. To birin da ba yanka shi za a yi ba fa? Wanda ake saya a ɗaura masa famfas a ajiye a falo, yana tsoma hannu a kwanon yara, ana ɗaukarsa bidiyo ana zubawa a TikTok mutane na ta dariya?

Ka fi ni sanin abin da ke cikin hanjinsa. Ƙwayoyin cuta masu sa gudawa: Shigella, Salmonella, Campylobacter. Zai iya ɗauke da su yana tsalle-tsallensa garau ba alamar komai, sai ranar da wahalar keji ko ta tafiya ta taɓa shi ya dinga zubo su a kashi, wanda ya canza masa famfas ya je ya haɗa wa jariri madara, shike nan atini ya shigo gida. Ita Shigella ma ƙwaya 10 zuwa 100 sun isa su kwantar da mutum, kuma in ka cire ɗan Adam, birai ne kawai gidanta na asali. Mu ba su, su dawo mana da ita. Anan kam biri ya yi kama da mutum.

Ku da kanku kuka sa Shigella mai bijire wa magani a jerin ƙwayoyin cuta masu haɗari na 2024. Ku ne kuka ƙaddamar da shirin lafiyar mutum da dabba da muhalli a haɗe na 2022 zuwa 2026, an yi taro an ɗau hotuna. Ko dai birin falo ba dabba ba ne a wancan shirin, ɗan gida ne?

Amurka tun 1975 ta hana shigo da birai don kiwon gida. Na daji da ke tonon bola suna karɓar abinci a hannun 'yan yawon buɗe ido, wannan wani zance ne daban.

Don Allah yallaɓai ba wani dogon kundi muke roƙo ba. Ka fito da bakinka ka gaya wa ƙasashe su hana ajiye biri a gida, waɗanda ke hannun mutane yanzu a gwada kashinsu, likitoci kuma in an kawo yaro da gudawa mai jini su riƙa tambayar wace dabba ce a gidan.

Na gode.