Wasiƙa daga Atlanta: Gasasshen Makaroni da Cuku

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ya ƙarfin jikin Hajiya? Ki gaishe min da Baba da yara duka.

Kin ce yara sun hana ki sakat a kan makaronin nan mai cuku da suka gani a hoto. A nan Amurka abincin taro ne, musamman a gidajen baƙar fata na Kudu, da wuya a yi bikin godiya da suke kira Thanksgiving, Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, ba a gasa shi ba. Wannan awon zai ishi mutum shida zuwa takwas: makaroni giram 450, bota babban cokali 4, fulawa babban cokali 4, madara kofi 3, cuku giram 400. In madarar gari ce, ki dama ta da ɗan kauri.

Cukun shi ne magana. Wara ba za ta yi ba, cukun Nijar ma haka, don ba sa narkewa, shi ya sa ake soya wara ta fito da surarta. Cheddar za ki nema a manyan kantuna, na dunƙule, ki goge da kanki. Wanda ake sayarwa a goge ana barbaɗa masa sitaci don kada ya manne, sai ya ƙi narkewa sumul. In yara na son ya riƙa jan zare, ki sa mozzarella giram 100 a cikin 400 ɗin, amma ita ba ta da wani ɗanɗano, kada ta yi rinjaye.

Ki dafa makaronin da gishiri, ki sauke saura minti biyu ya nuna, in kin tauna ki ji ɗan tauri a tsakiya. Zai ƙarasa a obin. Wanda ya nuna luguf tun a tukunya, tuwo zai koma. Ki tace, kada ki zuba masa mai, miyar cukun ba za ta kama shi ba.

Sai miyar. Ki narkar da bota a wuta kaɗan, ki zuba fulawa ki yi ta juyawa minti biyu, har warin ɗanyen gari ya tafi, amma kada ta yi ja. Madarar ki ɗumama ta, ki riƙa zubawa ludayi ludayi kina burgawa da maburgi. Zuba ta gaba ɗaya shi ke kawo gudaji. In ta yi kaurin kunu, wanda za ki ja yatsa a bayan cokali layin ya tsaya, to kashe wutar. Na ce kashe, ba ragewa ba. Cuku in ya tafasa sai ya tsinke, mai ya taso sama, ƙasa ya yi tsaki tsaki, kuma da wuya ya gyaru. Ki zuba kashi uku cikin huɗu na cukun, hannu hannu, kowane ya narke kafin na gaba. Masoro kaɗan, garin tafarnuwa, ɗan yaji. Ki ɗanɗana kafin ki ƙara gishiri ko magi, cheddar da gishirinsa yake zuwa.

Ki juye makaronin a ciki. Za ki ga kamar ruwa ya yi yawa, ki bar shi haka, makaroni na ci gaba da sha a wuta. Ki shafa bota a kwanon gashi, ki zuba, ki barbaɗa sauran cukun a sama. Obin a digiri 180 na Celsius, minti 25 zuwa 30, har gefe ya fara ɓararraka, sama ta yi ja. In ya wuce haka bushewa zai yi.

In ba wuta, ki yi yadda kike gasa kek: yashi a ƙasan babbar tukunya, ya yi zafi, ki ɗora kwanon, ki rufe, ki zuba garwashi a kan murfi don sama ta gasu.

Ki bar shi ya huta minti 15 kafin ki yanka, in ba haka ba zai malale. Wanda ya rage a sa a firij, gobe a yayyafa madara cokali biyu a ɗumama.

A ci gaba da sa mu a addu'a.

Yayarki