Yaranmu Na Koyon Gyaran Shuka A Waya, Amma A Kan Wiwi

Assalamu alaikum Edita, da fatan kuna lafiya ya aiki ya kuma haƙuri da jama'a. Dan Allah a ɗan bani fili in faɗi wani abu da ya tsaya min a rai tun damunar da ta wuce.

Akwai ɗan yayana da yake zaune a wajena, yaro ne mai hankali wallahi, ya gama sakandare babu aikin yi. Wata rana na leƙa kangon bayan gidanmu zan ɗauko garma sai naga tsoffin bokitan fenti guda huɗu an jera su a lungu, kowanne da shuka a ciki, an tsinke musu kai tsaf an ja rassan gefe da zare an ɗaure a bakin bokiti, abin gwanin sha'awa kamar aikin wanda ya shekara ashirin a lambu. Ashe ya gaya wa matata wai rama ce, ita kuma ta yarda dan ganyen ya yi kama sosai, har ruwan wanke-wanke take zuba musu. Ni da na murza ganyen na shinshina sai jikina ya mutu. Wiwi ce.

Da na zaunar da shi bai yi min gardama ba, ya ciro waya ya nuna min inda ya koya, Turawa ne a YouTube suna bayani dalla-dalla. Nace masa kai ɗana, waɗannan da kake kallo ƙasarsu daban dokarsu daban. Kanada ta halatta abin tun 2018, Jamus a 2024 ta yarda baligi ya shuka tushe uku a gidansa, to mu nan Najeriya tun 1966 akwai doka a kan tabar wiwi, hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi kuma tun 1989 aka kafa ta, ranar da suka shigo kangon nan ba za su tambayi sunan Baturen da ya koya maka ba, kai za su ɗauka, wataƙila su haɗa da ni mai gida. Muka tumɓuke muka ƙone a gabansa yana hawaye, ni ma ban yi barci ba ranar.

Amma Edita abinda ya sa na rubuto, wannan tsinke kan shuka da yaron yake gani kamar wani sabon ilimi daga Turai, aikin kakanninmu ne. Mahaifina ya noma taba a nan ƙasar Zazzau lokacin da kamfanin taba na Zariya yake saye, muna yara mu ake sawa mu bi kunya-kunya muna ƙarye kan da zai yi fure dan ƙarfin ya koma ganye, hannunka ya yi baƙi yana danƙo har dare. Dalilin kuwa ɗaya ne a kusan kowace shuka, toho na can sama shi yake danne na gefe ya hana su fitowa, kana cire shi sai na ƙasa su samu sarari su yi rassa. Zogale ma haka ne, in ka barshi sai ya miƙe zangal kamar gora ganye can sama sai ka sa tsani, amma in ya kai ƙugu ko ƙirji ka datse shi, bayan makonni sai kaga ya fashe rassa huɗu biyar, ka sake tsinke kawunan waɗannan, ya zama duhu mace tana tsaye tana figa. Mutanen Maraɗi da suka riƙe noman zogale ai sana'a ce sosai a wajensu, buhu-buhu suke kaiwa kasuwa.

Shine na ba yaron kunya shida a lambuna da wuƙa mai kaifi nace nuna min abinda ka iya. Wallahi Edita hannunsa ya fi nawa. Tumatir ɗin da mu muke bari ya kwanta a ƙasa rabi ya ruɓe, shi kafa masa kara ya yi ya ɗaure da tsumma yana cire ƙananan tohon da ke fitowa a hammatar ganye, ƴaƴan suka fito manya babu tabo. Yanzu maƙwabtan lambu ne suke kiransa ya gyara musu gwaiba da lemo.

Tambayata, me ya sa sai Bature mai noman wiwi ne ya iya zama ya koya wa ɗanmu wannan a waya? Ina malaman gona? Da can muna ganinsu a kan babur suna shiga ƙauye, yanzu ni na manta rabon da inga ko ɗaya a fadamarmu, ga cibiyar binciken noma ta Samaru nan kusa damu da tarin ilimi amma yaron unguwa bai san me ake yi a ciki ba. Binciken da aka yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna ƴan Najeriya kusan miliyan 10.6 suna shan wiwi, kaga kasuwa ce buɗe, yaro mara aiki in ya iya shuka dole shaiɗan ya raɗa masa. Janar Buba Marwa shugaban NDLEA da yaransa suna ƙoƙari, muna jin labarin gonakin da suke ƙonawa a dazukan Ondo da Edo, amma bokiti huɗu a kango iyaye ne kawai za su gani.

Roƙona ga jaridarku, ku ware shafi ko rabi ne duk mako a riƙa koyar da datse zogale da gyaran tumatir da auren mangwaro da Hausa, da hotuna, ku ɗora gajeren bidiyo a Facebook ɗinku tunda can yaran suke. Iyaye kuma dan Allah a riƙa leƙa kango da bayan ɗaki, in an ce muku rama ce ku murza ganyen ku shinshina.

Naku,
Wani mai lambu daga Zariya, jihar Kaduna