Zuwa ga ƙanena da ya ce mai kyamara ba ya zama darakta

Ƙanena, salamu alaikum.

Ranar Lahadi a majalisarmu ta Agege a nan Legas ka tsare ni gaban mutane, wai Yaya shekara nawa kana saɓe da kyamara a kafaɗa, me ya hana ka zama darakta, ko dai mai ɗaukar hoto ba zai iya jan ragamar fim ɗin faɗa ba ne? Dariya kawai na yi lokacin saboda hayaniya ta yi yawa, to tunda a bainar jama'a ka tambaya bari in amsa kowa ya gani.

Yana iyawa mana. Akwai wani ɗan ƙasar Holan, Jan de Bont, an haife shi a 1943, ya daɗe yana ɗaukar hoto a ƙasarsu shi da darakta Paul Verhoeven kafin ya koma Amurka. Can ma sai da ya sha wuya, wajen ɗaukar fim ɗin Roar zaki ya kama shi ya yage mai fatar kai, aka ɗinke ya dawo ya cigaba da aiki, ni kam da tuni ina gida ina sayar da katin waya. Shi ya ɗauki hoton Die Hard na 1988. Sai a 1994, ya haura shekara 50, sannan ya fito a darakta da Speed, wannan na motar bas ɗin da in gudunta ya sauka ƙasa da mil 50 a awa bam zai tashi. Ka dai yi tunanin a ce a cunkoson gadar Third Mainland ta Legas ne da yammacin Juma'a, ai da fim ɗin ya ƙare tun a minti biyar.

Ka sake kallon Speed da kyau, za ka ga idon mai kyamara ne a wurin, ko yaushe ka san ina bas take, me ke gabanta, saura taku nawa ta yi karo, kuma wallahi a fim ɗin faɗa wannan shi ne rabin aikin, don in mai kallo ya rasa waye a hagu waye a dama to duk ƙarar bindigar banza ce. A 1996 ya yi Twister, shi ma ya kawo kuɗi sosai.

Amma ga abin da ya sa ni ban yi gaggawa ba. A 1997 ya yi Speed 2, jarumin na farko Keanu Reeves ya ƙi dawowa, aka mayar da labarin cikin jirgin ruwan 'yan yawon shaƙatawa. Idon nan dai shi ne, kuɗi ma sun fi na farko yawa, amma jirgin ruwa tafiyar hawainiya yake, ina fargabar za ta fito? Fim ɗin ya sha zagi, kuma bayan 2003 bai ƙara fitar da wani fim a matsayin darakta ba. Kyamara ta koya min haske da inda zan tsaya, ba ta koya min gane labarin da ba shi da ƙashin baya ba, ballantana lallashin jarumar da ta yi fushi ga rana na faɗuwa ga furodusa yana ƙirga kuɗin janareto. Su nake koyo yanzu, shi ya sa kake gani na manne da marubuta ina zama ɗakin edita har dare.

Ranar Asabar muna da lokeshin, wato za mu fita ɗaukar fim, a Surulere, in da gaske kake ka zo ka riƙe min fitila ka ga yadda darakta yake yini. Ka fito da asuba dai, ka san halin go-sulon Oshodi.

Yayanka.